Darasi na Bakwai: Talla Mai Yaɗa Kanta a Intanet

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran za ku iya:

1. bayyana abin da ake nufi da talla mai yaɗa kanta, da bambancinta da tallar da ake biya;
2. lissafa ƙarfin yaɗuwar saƙonku da biro da takarda;
3. faɗin abin da ke sa mutum ya tura wa wani saƙon talla;
4. tsara tukuicin kawo kwastoma ba tare da cin uwar kuɗi ba;
5. rarrabe yaɗuwa ta gaskiya da ta yaudara.

1. Wa ya ɗinka miki?

Duk telan mata ya san inda kwastomominsa suka fi fitowa. Mace ta sa kaya ta je gidan biki, ƙawarta ta dubi wuyan rigar ta ce, "Ke, wa ya ɗinka miki?" Kafin a watse mutum uku sun karɓi lambar tela. Bai biya ko sisi ba, bai ma san an yi ba. Aikinsa ne ya fita, wadda ta sa shi kuma ta tsaya masa shaida.

Intanet ba ta ƙirƙiro wannan ba. Abin da ta sauya abu biyu ne: sauri da yawa. A da mace takan gaya wa waɗanda ke zaune kusa da ita. Yau idan ta ɗora hoton kayan a sitatus na WhatsApp, duk wanda suka ajiye lambar juna yana iya gani cikin awa 24, ko yana Kano ko Maraɗi ko Jidda. Wanda ya gani kuma danna yatsa ɗaya ya ishe shi ya miƙa wa wani.

> Ma'ana: Talla mai yaɗa kanta
> Ita ce tallar da waɗanda suka gan ta ne ke kai ta ga wasu da kansu, su ma wasun su kai ta gaba, ba tare da mai kaya ya biya kuɗin isar da ita ga kowane mutum ba.

> Ma'ana: Tallar da ake biya
> Ita ce wadda mai kaya ke ba gidan rediyo, jarida, Facebook ko Google kuɗi don a nuna wa jama'a. Ranar da kuɗi ya ƙare, tallar ta tsaya.

Misalin da masana kasuwanci suka fi kawowa shi ne na Hotmail. A watan Yulin 1996, Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe wannan shafi a Amurka, inda kowa zai iya samun adireshin imel kyauta. A ƙasan kowace wasiƙa da aka aika daga shafin, sai suka liƙa layi ɗaya mai gayyatar wanda ya karɓa ya zo shi ma ya buɗe nasa kyauta. Ke nan duk wanda ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa ya yi wa kamfanin talla, kuma wasiƙar kanta hujja ce cewa abin yana aiki. Cikin kimanin wata 18 sun tara miliyoyin masu amfani. A ƙarshen 1997 kamfanin Microsoft ya saye su a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 400.

Ku lura da inda dabarar take. Ba su roƙi kowa ya yi musu talla ba. Sun saka tallar a cikin amfani da kayan, yadda ba za a yi ɗaya ba tare da ɗayan ba. Lambar wayar da ke manne a jikin robar kilishi, ko sunan shago a kan ledar da aka kai wa amarya kaya a ciki, aiki iri ɗaya suke yi.

2. Lissafin yaɗuwa

Wannan sashe shi ne ƙashin bayan darasin, don haka a bi shi a hankali. Mutane da yawa suna ɗaukar yaɗuwa a matsayin sa'a tsantsa. Akwai sa'a a ciki, amma akwai kuma lissafi, kuma lissafin bai wuce sau ba.

> Ma'ana: Ƙarfin yaɗuwa
> Shi ne adadin sababbin kwastomomi da kwastoma ɗaya ke jawowa. Ana samun sa ta haka: yawan mutanen da kowane kwastoma ya tura wa saƙo, sau kason waɗanda suka saya a cikinsu.

Misali na 1. A ce wani mai kilishi yana da kwastomomi 100. Ya aika musu ɗan gajeren bidiyo na yadda ake shanya nama da yadda ake shafa labu. Kowannensu ya tura wa mutum 5. Saƙo ya kai ga mutum 500 ke nan. A cikin kowane mutum 10 da suka gani, 1 ya saya. Sababbin kwastomomi sun zama 50.

Ƙarfin yaɗuwa: 5 sau 1 bisa 10, wato 0.5, rabi ke nan.

To, su ma 50 ɗin nan idan suka yi yadda na farko suka yi, za su kawo 25. Su 25 su kawo 12, sannan 6, sannan 3, sannan 1, sai abin ya mutu. Idan aka haɗa duka, 100 ɗin farko sun koma kusan 200.

Yanzu a sauya lamba ɗaya kawai. A ce kowa mutum 8 ya tura wa maimakon 5. Ƙarfin yaɗuwa ya zama 0.8. Zagayen farko 80, na biyu 64, na uku 51, haka yake ta raguwa, amma kafin ya tsaya jimilla ta doshi 500. Idan kuwa kowa ya tura wa mutum 12, ƙarfin ya zama 1.2, kuma lissafin ya juya: 100, 120, 144, 173, 207. Kowane zagaye ya fi na bayansa.

Daga nan ƙa'ida ta fito. Idan ƙarfin yaɗuwa bai kai 1 ba, saƙo zai yi tafiya ya tsaya. Idan ya wuce 1, zai yi ta girma da kansa.

Amma fa a ji wannan da kyau: wuce 1 abu ne mai wuyar samu, kuma ko an samu ba ya daɗewa. Dalili a fili yake. Mutanenku sun san juna. Saƙon da kuka tura wa yayarku, ƙanwarku ma ta tura mata, a zauren 'yan ajinsu ma ta gani. A zagaye na uku ko na huɗu, yawancin waɗanda ake tura wa sun riga sun gani. Saboda haka ɗan kasuwar da ya kafa burinsa a kan bidiyon da mutum miliyan zai kalla ya ɗora wa kansa abin da ba ya hannunsa. Wanda ya fi shi dabara shi ne mai neman ɗaga 0.2 zuwa 0.5. A kan 0.2, kwastoma 100 sukan koma 125. A kan 0.5 sukan koma 200. Mai shago da ya ninka kwastomominsa ba tare da ya ƙara kuɗin talla ba ya ci riba mai tsoka, ko da babu jaridar da ta ambaci sunansa.

Akwai abu na uku da ke shiga lissafi, wato tsawon zagaye. Mai sayar da abinci yana iya ganin sabon kwastoma kwana biyu bayan an yaba shi. Mai gadaje da kujeru sai ya jira wata shida, ranar da maƙwabta suka tashi aurar da 'yarsu. Kada mai kaya masu tsada ya karaya don bai ga sakamako a mako ɗaya ba.

3. Me ke sa mutum ya tura?

Ba don ku mutum ke tura saƙonku ba. Don kansa yake yi, ko don wanda zai tura wa. Duk lokacin da ya danna, sunansa ne ke tafiya tare da saƙon. Idan kayan suka yi kyau, a ce ya san gari. Idan suka zama jabu, shi za a kira a ce, "Ai kai ka haɗa ni da shi." Mutuncinsa kuke ara, kuma wannan shi ne ainihin jarin wannan nau'in talla.

A 2012 wasu malamai biyu na jami'ar Pennsylvania a Amurka, Jonah Berger da Katherine Milkman, sun wallafa binciken da suka yi a kan labarai kusan 7,000 na jaridar New York Times, don gano waɗanda masu karatu suka fi aika wa juna. Sun gano cewa labarin da ke motsa zuciya da ƙarfi, kamar mai ban al'ajabi ko mai tayar da fushi ko fargaba, ya fi yaɗuwa a kan mai sa jiki ya yi sanyi. Labari mai amfani a aikace da mai ban mamaki su ma suna tafiya sosai.

Ga ɗan kasuwa, fushi da fargaba ba hanya ba ce. Suna yaɗuwa, amma babu mai son sunan shagonsa ya zauna a zukatan mutane tare da tashin hankali. Abin da ya rage muku shi ne amfani da burgewa, kuma sun isa.

Amfani ya fi sauƙi. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari zai iya yin bidiyon daƙiƙa 40 yana nuna yadda ake gane shadda mai kyau da hannu da ido, ko yadda ake wanke ta ba ta dusashe ba. Mutum zai tura wa ɗan'uwansa mai shirin aure, domin ya yi masa hidima. Mai gyaran sola ya nuna kurakurai uku da ke kashe batir. Irin wannan saƙo ba ya tsufa.

Burgewa kuwa tana buƙatar gwaji a gaban ido, don gani ya kori ji. A 2006 wani kamfanin injin markaɗe a Amurka mai suna Blendtec ya fara ɗora bidiyoyi a YouTube, inda mai kamfanin, Tom Dickson, ke jefa abubuwa masu tauri cikin injin yana niƙe su. A 2007 har sabuwar wayar iPhone ya markaɗe. Miliyoyin mutane sun kalla suna dariya, amma kowa ya tashi da sanin cewa injin nan yana da ƙarfi. Abin dariyar da abin sayarwar abu ɗaya ne. Da yawa sukan kuskure a nan: su yi barkwanci mai daɗi, jama'a su tura, a yi dariya, amma babu wanda ya tuna me ake sayarwa.

4. Tukuicin kawo kwastoma

> Ma'ana: Tukuicin kawo kwastoma
> Shi ne ragi, kyauta ko gyara da mai kaya ke ba wanda ya kawo masa sabon mai saye. Wani lokaci ana ba wa wanda aka kawo shi ma.

Kamfanin PayPal, a farkon tashinsa wajen shekarar 2000, ya riƙa ba da tsabar kuɗi ga wanda ya yi rajista da kuma wanda ya kawo shi. Ya samu jama'a, amma ya kashe miliyoyin daloli. Dropbox, shafin ajiye takardu da hotuna a intanet, ya bi hanya mai arha: duk wanda ya gayyato aboki, shi da abokin kowa ya samu ƙarin wurin ajiya kyauta. Daga masu amfani 100,000 a ƙarshen 2008 suka kai miliyan 4 cikin wata 15.

Darasi biyu ke nan. Na farko, ku ba da tukuici daga cikin kayanku, don ya fi muku arha a kan tsabar kuɗi, kuma yana sa mutum ya dawo. Na biyu, ku ba ɓangare biyu. Idan mai kawowa ne kaɗai ke samu, ya zama dillali mai cin la'ada a kan ƙawarsa, kuma mutane da yawa suna jin nauyin haka. Idan ƙawar ma za ta samu ragi, to alheri aka kai mata.

Misali na 2. A ce wata mai turaren wuta tana sayar da kwalba ɗaya naira 3,000, ribarta a kai naira 900. Ta yi shela cewa wadda ta kawo ƙawa za a rage mata naira 300 a saye na gaba, ita ma ƙawar a rage mata 300. Tukuici ya ci 600, saura riba 300, ga kuma sabuwar kwastoma. Idan da ta ce 500 da 500, tukuici ya zama 1,000, ta yi asarar naira 100 a kan kowace sabuwar kwastoma. Hakan ba zai yi ma'ana ba sai in ta tabbata sabuwar za ta dawo ta sake saye a cikakken farashi. Ƙa'ida ɗaya ba ta sauyawa: tukuici sai bayan kuɗin sabon mai saye ya shigo, ba lokacin da aka tura masa saƙo ba.

5. A sauƙaƙa wa mai turawa

Saƙo mai nauyi ba ya tafiya, domin data kuɗi ce. Bidiyo ya zama gajere, abin da ake son a gani ya fito tun a daƙiƙoƙin farko. A rubuta sunan shago da lambar waya a jikin hoton ko bidiyon kansa, saboda rubutun da ke ƙasa yakan ɓace a hanya. Idan kuna da shafin intanet, adireshin da za a danna ya kai mutum kai tsaye kan kayan da ya gani, da farashinsa a rubuce. Al'adar ɓoye farashi a ce sai an yi magana ta bayan fage tana korar masu saye fiye da yadda masu yin ta ke zato. Kada kuma a manta da saƙon murya, don akwai masu kuɗin saye da yawa da karatun boko ke ba su wahala.

Ku san iyakar da manhajoji suka sa. Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka riga aka tura sau da yawa zuwa wuri 1 kacal. An yi haka ne don rage labaran ƙarya, amma ya shafi kowa.

6. Idan ta yaɗu fa?

A watan Maris na 2012 wani ƙaramin kamfanin reza a Amurka, Dollar Shave Club, ya saki bidiyon barkwanci da aka kashe wa kimanin dala 4,500. Cikin kwana biyu mutum 12,000 suka yi oda, cunkoso ya sa shafinsu ya tsaya na wani lokaci. Sun farfaɗo, har Unilever ya saye su a 2016. Ba kowa ke farfaɗowa ba. Telan da hotonsa ya zagaya ana saura kwana 10 Sallah, ya karɓi ɗinki 80 alhali ƙarfinsa 30 ne, ya sayi maƙiya 50 da hannunsa. Faɗin "na cika, sai bayan Sallah" ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Wajen auna nasara kuma, kada yawan masu kallo ya ruɗe ku. Ku tanadi littafi, duk sabon kwastoma ku tambaye shi, "Ranka ya daɗe, a ina ka ji labarinmu?" ko "Hajiya, wa ya turo ki?" Amsoshin wata guda sun isa ku fitar da ƙarfin yaɗuwarku.

7. Hanyar da ke kai yabo ita ke kai ƙorafi

A 2008 jitar wani mawaƙi ɗan Kanada, Dave Carroll, ta karye a tafiyar da ya yi da jirgin United Airlines. Ya shafe watanni yana bin kamfanin ba a biya shi ba. A watan Yulin 2009 ya ɗora waƙar ƙorafinsa a YouTube, miliyoyi suka kalla cikin kwanaki, kamfanin ya dawo yana neman sulhu bayan suna ya riga ya ɓaci. Kwastoman da aka aika wa atamfar da ba ita ya gani a hoto ba, shi ma waya ce a hannunsa.

Sannan akwai yaɗuwar da tun asali yaudara ce. 'Yan Najeriya da yawa ba su manta da MMM ba, tsarin da Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya kafa. Ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, da ƙarin lada ga wanda ya kawo wani. 'Yan'uwa suka jawo 'yan'uwa, abokai suka jawo abokai. A watan Disambar 2016 aka rufe fitar da kuɗi, dukiyar jama'a ta salwanta, zumunci da yawa ya lalace.

> Ma'ana: Tsarin a kawo a ci
> Shi ne wanda kuɗin da ake biyan tsofaffin mambobi ke fitowa daga aljihun sababbi, babu wani kaya ko aiki na gaske da ke kawo riba.

Ga tambayar da ke raba gardama: idan yau aka daina kawo sababbin mutane, akwai kayan da wani zai saya don yana buƙatarsa? Idan babu, ku yi nesa da shi.

Ƙananan yaudara ma a guje su. Saƙon "tura wa mutum 10 ka samu data kyauta" alhali babu datar, da haɗa mutane da Allah don su tura talla, da ƙirƙirar shaidar kwastoman da babu shi, duk cin amana ne, ƙarya kuwa fure take ba ta 'ya'ya. Jefa mutane cikin zauren talla ba da izininsu ba, ko ɗora hoton kwastoma da hirarku ba tare da ya yarda ba, yana iya saɓa wa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Masu sayar da abinci na roba ko leda, man shafawa da magunguna su tuna da rajistar NAFDAC, kuma kada su ce kayansu na warkar da cutar da ba su da hujja a kai.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominku, mece ce talla mai yaɗa kanta? Ta ina ta bambanta da tallar rediyo?
2. Wace dabara Hotmail ya yi a 1996? Kawo abu ɗaya a sana'arku da zai iya yin irin wannan aiki.
3. Mai sayar da takalma yana da kwastoma 60. Kowa ya tura hotonsa ga mutum 4, kuma 1 cikin 8 ya saya. Nawa ne ƙarfin yaɗuwarsa? Mutum nawa zai samu a zagayen farko da na biyu?
4. Me ya sa ƙarfin yaɗuwa ke raguwa bayan zagaye uku ko huɗu?
5. Mai sabulu tana cin ribar naira 400 a kowane ƙulli. Tsara mata tukuici na ɓangare biyu wanda ba zai jawo mata asara ba, ku nuna lissafinku.
6. Me ya sa bidiyoyin Blendtec suka taimaki ciniki, alhali wasu bidiyoyin barkwanci ba sa taimakawa?
7. Wace tambaya ce ke bambanta tukuicin kawo kwastoma da tsari irin na MMM?
8. Aikin gida: ku tambayi kwastomomi 10 na ƙarshe da suka zo muku, ko na wani mai sana'a da kuka sani, inda suka ji labarin shagon. Ku kawo sakamakon aji mako mai zuwa.